Yini Guda A Tafkin Rutland, Inda Ake Zuba Kifi Kafin A Kama Shi

Ni ɗan bakin ruwa ne. A ƙasar Yawuri aka haife ni, na kuwa tashi ina ganin Sarkawa suna jefa birgi, suna shimfiɗa kalli, suna ɗaura mamari da yamma su duba da asuba. Saboda haka da ɗana, wanda ke aiki a birnin Leicester na ƙasar Ingila, ya ce mini, "Baba, ranar Asabar zan kai ka ka ga yadda Turawa ke su," sai na yi murmushi kawai. A raina na ce wane irin su ne kuma ya rage a duniya da za a nuna mini? Ashe kifin rijiya ne ni ban sani ba. Abin da na gano a wannan rana shi zan ba masu karatu labari, don na tabbata akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Cikin watan Mayu ne, lokacin da sanyinsu ya ja baya, itatuwa suka yi sabon ganye. Muka shiga jirgin ƙasa da sassafe, muka bi ta Melton Mowbray, cikin rabin awa muka sauka a Oakham, babban garin lardin Rutland. Wannan lardi shi ne autan tsofaffin lardunan Ingila. Don ƙanƙantarsa ma aka haɗe shi da lardin Leicester a 1974, amma mutanensa ba su daina ƙorafi ba sai da aka mayar musu da abinsu a 1997. A tasha muka tarar da wani dattijo Bature yana jiranmu da mota. Tsohon abokin aikin ɗana ne, ya yi ritaya, a kwarin nan aka haife shi, yana kuma su a tafkin tun shekarar da aka buɗe shi ga masunta, watau 1977.

Kwarin Da Ruwa Ya Ci

Ba mu yi tafiyar kwata ba sai muka hau wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu, ya rabu hannu biyu, wani dogon harshen ƙasa ya ratsa tsakaninsu. Gonakin alkama da makiyayar tumaki sun kewaye shi, ko'ina kore shar. Wanda bai sani ba sai ya rantse tun fil azal tafkin nan yake. Alhali kuwa ni na girme shi nesa ba kusa ba.

Asalin abin, garuruwa irin su Peterborough da Northampton ne suka yi ta cika, hukuma ta ga ruwan sha ba zai ishe su ba. Majalisar dokokin ƙasar ta zartar da doka a 1970, aka fara aiki a 1971, aka tare kwarin kogin Gwash kusa da ƙauyen Empingham da ganuwar yumɓu mai tsawon mita 1,200, tsayinta kuwa mita 35. An gama ginin a 1975. To, Gwash ɗan rafi ne, ba shi da ƙarfin cika wannan kwari, saboda haka da injuna ake turo ruwa daga kogin Welland da kogin Nene, tafkin bai kuwa cika ba sai 1979. Faɗinsa ya kai wajen eka 3,000. Duk Ingila babu madatsar ruwan da ta kai shi faɗi, ko da yake ta Kielder, can arewa, ta fi shi ɗaukar ruwa.

Da muka zo wani wuri sai dattijon ya rage gudu, ya nuna tsakiyar ruwa da hannu, ya ce, "Can ƙarƙashi akwai hanyar da nake bi da keke ina yaro." Ya ce ƙauyen Nether Hambleton duk an rushe shi, an rushe mafi yawan Middle Hambleton, sai Upper Hambleton kaɗai ya tsira don a kan tudu yake. Manoma sun yi ta kuka, amma ƙishirwar birni ta fi ƙarfin kukan ƙauye. Na yi shiru, don maganar ta taɓa ni. Ina yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Bussa, ya ci tsibirai da fadamun ƙasarmu. Na ga tsofaffi suna ɗaure kaya suna waiwayen kushewar iyayensu. Na gaya masa haka, ya girgiza kai, daga nan kuwa muka saba kamar mun daɗe da sanin juna.

Abin da ya fi jan idon baƙo a bakin tafkin shi ne majami'ar Normanton. Da aka auna sai aka ga ruwa zai cinye ƙasanta, aka yi niyyar rushewa. Mutanen lardin suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba. Sai aka cike ƙasan ginin da duwatsu da kankare, aka yi masa ganuwa, aka yi hanya zuwa gare shi. Yau ga ta nan a tsaye cikin ruwa kamar jirgin da ya kafe. Duk wanda ya dube ta ya san akwai abin da aka biya kafin a sami wannan ruwa.

Kifin Da Ba Ya Haihuwa

Kusa da majami'ar ne ofishin masunta yake, da mashigar jirage. Kafin mutum ya jiƙa igiya sai ya mallaki takarda biyu. Ta farko lasisin gwamnati ne, wanda hukumar kula da muhalli ke bayarwa. Duk wanda ya kai shekara 13 tilas ya riƙe shi, wanda aka kama yana su babu shi kuwa ana iya cin sa tara har fam 2,500. Ɗana ya riga ya saya mini na yini guda ta intanet. Ta biyu tikitin kamfanin ruwa ne, watau Anglian Water, mai tafkin. Tikitin nan shi ke faɗin kifi nawa aka yarda ka tafi da su gida. In ka cika adadinka, ko da kifi na tsalle yana faɗowa cikin jirginka, ba ka da ikon ƙara ko ɗaya a jaka.

Na ce wa dattijon, "Yallaɓai, kifin da Allah ya zuba a ruwa shi ake sayar wa mutane da tikiti?" Ya ce, "Allah ya halicce shi, amma mota ce ta kawo shi." Ya kuwa yi mini bayani.

Kifin da ake nema a nan sunansa turawut. Kifin ruwan sanyi ne, dogo, mai santsi, mai ƙananan ɓawo, da ɗige-ɗige a jiki. Iri biyu ne a tafkin. Akwai mai ruwan ƙasa, shi ne ɗan ƙasa, tun asali yana cikin kogunan Turai. Akwai kuma mai bakan gizo, wanda ke da jan zane a gefe tun daga kunne har wutsiya. Shi baƙo ne, daga kogunan yammacin Amurka aka kawo shi Ingila a shekarun 1880. Ya fi saurin girma, ya fi yawo kusa da saman ruwa, saboda haka shi aka fi zubawa.

Turawut ba ya zuba ƙwai sai a ruwa mai gudu, a kan tsakuwa mai tsabta. Tafki kuwa ruwa ne kwantacce mai laka a ƙasa. Ke nan in an bar shi da kansa, masunta su ɗiba, tsuntsaye su ɗiba, manyan kifaye su ɗiba, ba da daɗewa ba zai ƙare. Don haka akwai gonakin kifi inda ake tatsar ƙwai, a ƙyanƙyashe, a yi kiwo a kududdufai har kifi ya kusa kilo guda, sa'an nan a ɗauko cikin tankunan mota a zuba a tafki. Ba sau ɗaya ake zubawa ba, kashi-kashi ake yi tun daga farkon lokacin su har ƙarshensa, dubbai masu yawa a kowace shekara. Kuɗin tikiti shi ke biyan wannan aiki.

Wani abin mamaki kuma, yawancin kifin da ake zubawa juya ne. Jim kaɗan bayan an haɗa ƙwai da ruwan namiji sai a sa shi cikin wata na'ura mai matsi, kifin da zai fito ba zai taɓa haihuwa ba. Duk makiyayi ya san hikimar wannan, don ya san yadda dandaƙaƙƙen sa ke ƙiba. Ƙarfin da zai tafi wajen neman mace ko yin ƙwai sai ya koma nama. Sa'an nan in ya kuɓuce ya shiga kogi ba zai gurɓata irin 'yan ƙasa ba.

Wannan sana'a ba yau aka fara ba. Tun 1873 wani mai sarauta, Sir James Maitland, ya fara aikin da ya zama gonar kifi ta Howietoun a ƙasar Sikotilan. A 1904 kamfanin ruwan birnin Bristol ya buɗe madatsar Blagdon ga masu sun turawut, daga nan wasu kamfanoni suka ga ashe ruwan sha yana iya yin aiki biyu. Aka buɗe Chew Valley a 1956, Grafham a 1966. Dattijon ya ce a da sun turawut na masu hali ne, don kyawawan koguna duk suna hannun masu filaye. Madatsun ruwan nan su ne suka ba leburan masana'anta da direban bas damar riƙe sanda kafaɗa da kafaɗa da lauya.

Ƙugiya Babu Tana

Ya buɗe wani ɗan akwati ya miƙo mini. Na duba na ga ƙwari jere cikin layi, na kusa yar da shi. Ashe duk ƙugiyoyi ne aka yi wa sutura. An naɗe su da siliki da siririyar waya da gashin zomo da gashin wuyan zakara, wani ya fito kamar sauro, wani kamar tsutsa, wani kamar ɗan kifi. Waɗansu ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Da hannunsa ya ɗaura su duka, cikin dararen hunturu. Babu tana, babu gara, babu ƙulli, babu abin da ke da ƙanshi ko ɗanɗano. Da ƙwaron ƙarya kaɗai ake yaudarar kifin.

Dabarar ta tsufa ƙwarai. Wani marubuci na zamanin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labari, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, cewa mutanen Makidoniya na naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi. A Ingila kuwa an buga wani littafin su a 1496 wanda ya lissafa irin ƙwarin nan goma sha biyu.

Ga inda wuyar take. A fatsarmu, nauyi yana ga dalma da tana, su kake jefawa su ja igiya. A nan ƙwaron ba shi da nauyin komai, in ka jefa shi iska ce za ta dawo maka da shi. Saboda haka igiyar ce aka yi mai nauyi, an lulluɓe ta da roba, tsawonta wajen ƙafa 90. Ita ake jefawa, ta ɗauki ƙwaron. A bakinta ana ɗaura wani siririn zare garai-garai wanda kifi ba ya gani sosai, a jikinsa ake rataya ƙwaro ɗaya ko biyu ko uku. Igiyar ma iri-iri ce, wata tana iyo a sama, wata tana nutsewa a hankali, wata tana nutsewa da sauri, gwargwadon zurfin da kifi yake a ranar. Sandar kuwa ta kai ƙafa 10, amma ba ta fi karan dawa nauyi ba.

A kan ciyawa ya fara koya mini. Ka ɗaga sanda da sauri ka tsayar da ita daidai kunnenka, ka dakata igiya ta miƙe a bayanka, sa'an nan ka turo ta gaba ka tsaya, igiya ta warware ta kwanta. In shi ya yi, sai ka ga igiya na tafiya a sama kamar an ja layi da alli. Da na karɓa sai na sa ƙarfi irin na mai jefa birgi. Igiya ta yi ƙara kamar bulala, ta naɗe mini wuya. Na sake, ƙugiya ta cafke hulata ta yi gaba da ita. Ɗana ya juya baya yana dariya a ɓoye, don kunya ba ta barinsa ya yi a gabana. Nan na gane dalilin da ya sa dattijon ya tilasta mini sa tabarau tun farko. Ya ce, "Ƙarfi ba ya jefa ta, haƙuri ke jefa ta. Jira ta miƙe a baya." Sai da muka yi kusan awa guda kafin igiyar ta fara jin maganata.

Da na huta na tambaye shi abin da ke cina tun ɗazu. Na ce, "Kun sayi kifi da kuɗinku, kun zuba a ruwa, kun sake biyan kuɗi don ku kama, sa'an nan kuka zaɓi hanyar da ta fi kowace wuya. Me ya hana ku sa tana, ko ku ja taru ku huta?" Ya yi dariya, ya ce, "Da taru, mutum goma za su kwashe rabon mutum dubu cikin mako guda. Da tana, kifi yakan haɗiye ƙugiya har ciki, ko ka sake shi mutuwa zai yi. Ƙwaro kuwa a leɓe yake kamawa. Mun ɗaure hannunmu da kanmu ne don abin ya kai kowa, ya kuma kai baɗi."

Cikin Jirgi

Jirgin na mutum biyu ne, saboda haka ɗana ya yi hayar keke ya tafi zagaya tafki. Aka ba mu rigar iyo, don ba a barin kowa ya shiga jirgi babu ita. Dattijon ya tada ɗan injin, muka nufi hannun kudu. Da muka isa inda yake so sai ya kashe inji, ya juya jirgin ya ba iska gefe, ya jefa wata laimar zane cikin ruwa ta wajen da iska ke fitowa. Laimar ta buɗe a ƙarƙashi tana riƙe jirgin, muka riƙa tafiya a hankali kamar ganye. Mu kuwa muna zaune mun ba iska baya, muna jefa igiya gabanmu, kullum a kan sabon ruwa.

Awa biyu ba mu ji ko motsi ba. Sanyi ya shiga yatsuna. Na tuna da karin maganar nan, kifi na ganinka mai jar koma. Dattijon dai bai damu ba, idonsa na kan ruwa. Can sai ya ce in dubi tsuntsaye. Na ga waɗansu ƙananan tsuntsaye masu kama da tsattsewa sun sauko suna shawagi daf da ruwa. Ya ce ƙwari sun fara fitowa.

Ya yi mini bayanin ƙwaron. Kamar sauro yake, amma ba ya cizo. Yana fara rayuwa a matsayin jar tsutsa cikin lakar ƙasan tafki. In lokacinsa ya yi sai ya taso a hankali, ya rataye a ƙarƙashin fatar ruwa yana ƙoƙarin fasa rigarsa ya tashi. A wannan tafiya ba shi da mai ceto, turawut kuwa ya san haka. Wani likita mai suna Howard Bell, wanda ya yi su a Blagdon shekaru da yawa, yana cikin waɗanda suka riƙa buɗe cikin kifi suna duba abin da ya ci, sa'an nan su ɗaura ƙwaro mai kama da shi.

Ba a jima ba sandar dattijon ta lanƙwashe. Ya yi ta fama da kifin har ya gaji, ya tallabo shi da koma mai dogon mariƙi, ya buge shi a ka da wani ɗan kulki. Kulkin nan suna yi masa laƙabi da limamin majami'a, wai don shi ke halartar mai gargara. Sa'an nan ya zura wani siririn cokali ta bakin kifin ya zaro, ya juye a farin faranti mai ruwa. Sai ga ƙwarin nan baƙaƙe birjik, waɗansu har suna motsi. Ya duba akwatinsa ya zaɓo mai kama da su a girma da launi, ya ɗaura mini. Ya ce, "Jefa, kada ka ja. Bar iska ta yi aikin, kai dai ka riƙa tattara igiyar da ta saki."

Na yi yadda ya ce. Ina cikin tunanin gida sai na ji an fizge igiya kamar an taɓa ni da wutar lantarki. Hannuna ya yi abin da ya saba tun yarinta, na finciko da ƙarfi. Zaren ya tsinke, kifi ya tafi da ƙwaro. Na ji kunya ta rufe ni. Dattijon bai ce komai ba, ya ɗaura wani, ya ce, "In ya ja, ɗaga sanda kawai. In ya gudu, bar shi ya gudu."

Muka fita gaɓa na yi sallar azahar a kan ciyawa, shi kuwa ya zauna nesa kaɗan yana shan shayi har na idar. Muka koma. Wajen la'asar aka sake ja. Wannan karon na ɗaga sanda a hankali. Igiya ta riƙa fita ta tsakanin yatsuna, sai ga kifi ya yi tsalle sama, jan zanensa na walƙiya, ya faɗa, ya sake tashi. Na kama giwan ruwa a rayuwata wanda ya ninka shi goma, amma da igiya mai kauri wadda ba ta tsinkewa. Wannan kuwa tsakanina da shi zare ne kamar gashin doki. In na matsa ya tsinke, in na saki ya zare ƙugiya. Sai da na bi shi da lallashi kamar mai jan ɗan maraƙi, har ya kwanta a gefe, dattijon ya sa koma. Bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Wallahi hannuna na rawa.

Dattijon ya buɗe wutsiyarsa ya nuna mini yadda ta cika, babu yagewa. Ya ce wannan ba sabon zubi ba ne, ya kwana biyu a tafki, ya koyi neman abinci da kansa, ya yi wayo. Irinsa masunta suka fi alfahari da shi.

Mai Su Babu Lasisi

Muna kan hanyar komawa sai ya kashe inji ya nuna sama. Wani babban tsuntsu mai kama da shaho, farin ciki, ya tsaya cik a iska, sa'an nan ya dunƙule ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi. Turawa na kiransa osfire. Ya yi wajen shekara 150 ba ya sheƙa a Ingila, don an kashe shi an kwashe ƙwansa. Daga 1996 zuwa 2001 aka kawo 'ya'yansa 64 daga Sikotilan aka saka a nan, a 2001 kuwa suka yi ƙyanƙyasar farko. In kaka ta yi sai su tashi su nufi Afirka ta Yamma, irin su Senegal da Gambiya, su dawo cikin Maris. Dattijon ya ce, "Ga maƙwabcinka nan. Shi kaɗai ke su a tafkin nan babu lasisi."

Na tambaye shi ko yana ganin jikokinsa za su tarar da abin yadda yake. Ya daɗe bai amsa ba. Ya ce zafi ne abin tsoro. In ruwa ya wuce digiri 20 turawut yakan shiga wahala, ya daina ci, ya gudu ƙasa. A watan Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Coningsby, cikin lardin da ke maƙwabtaka da su, abin da ba a taɓa aunawa ba a ƙasar. Babban tafki mai zurfi yana da wurin ɓuya, amma ƙananan wuraren su da yawa sukan rufe in zafi ya tsananta. Na ce masa digiri 40 ai a wurinmu watan Afrilu ne kawai. Ya ce shi ya sa ba ku da turawut.

Da muka fito, tun ban kakkaɓe rigata ba ya ce saura abu guda. Kowane masunci sai ya ba da lissafin abin da ya kama, nawa ya ɗauka, nawa ya saki, ko da bai kama komai ba sai ya faɗa. Da wannan ne masu tafkin ke sanin abin da ya fita, su san abin da za su zuba. Babu ɗan sanda a kanmu, babu wanda ya buɗe jakarmu. Na rubuta 1.

Abin Da Na Ɗauko

A daren nan surukata ta dafa kifin da tattasai da albasa. Namansa ja-ja ne, mai laushi, ƙaya kaɗan. Gaskiya bai kai ragon ruwa daɗi a bakina ba. In kuwa aka haɗa kuɗin jirgin ƙasa da lasisi da tikiti da hayar jirgi, da mun sayi kifi cike da kwando a kasuwa.

Kada mai karatu ya ce ina so a kawo turawut Tiga ko Bakolori. Ruwanmu zai dafa shi kafin ya kai gaɓa. Kada kuma a manta Baturen nan don nishaɗi yake su, masuncinmu kuwa don tuwon dare yake yi, ba a cewa mai jin yunwa ya ajiye taru ya ɗauki gashin zakara. Amma ga abin dubawa. Madatsar Tiga an gama ta a 1974, watau sa'ar Rutland ce. Mu ma mun tashi ƙauyuka, mun ba ruwa gonaki da kushewa. Kifinmu kuma ya fi nasu sauƙin sha'ani, don karfasa da tarwaɗa suna haihuwa da kansu, ba sa bukatar mota. Abin da suke bukata kawai a bar su su girma. Duk da haka wanda ya san kasuwar kifi ta Yawuri shekaru hamsin da suka wuce, in ya je yau ya ga 'yan mitsi-mitsin da ake shanyawa, waɗanda raga mai ƙananan idanu ta kwaso, zai san muna cin iri ne.

Ba kuwa baƙon ilmi ba ne a gare mu. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Kakanninmu sun san Sarkin Ruwa, sun san wurin da ba a taɓawa da watan da ba a shiga. Muna kuma da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Bussa. Abin da ya rage shi ne hukumomin madatsun ruwa da sarakunan ruwa da masunta su zauna wuri guda, a yanke girman idon raga, a keɓe wuraren haihuwa, a riƙa rubuta abin da ya fita, kuɗin lasisi kuma ya koma ruwa, masunci ya gani da idonsa. In ya gani zai biya, zai kuma tsare ruwan da kansa.

Da za mu rabu a tashar Oakham, rana ba ta faɗi ba ko da yake ƙarfe takwas ta wuce. Dattijon ya ciro ƙwaron da na kama kifina da shi, ya soka mini a hular da na huda da safe. Yana nan a jikinta har yanzu. Jikokina sukan tambaye ni wane irin ƙwaro ne wannan da ba ya tashi, ni kuwa sai in zaunar da su in ba su labarin kwarin da ruwa ya ci. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya ba mu, amin.